A Yi wa Duwatsun Kazaure Hurumi

Matafiyin da ya bar Kano ya kama hanyar Daura, ya wuce Ɗambatta yana dosar arewa, ba zai rasa lura ba cewa ƙasar da ta taho a shimfiɗe tun daga bakin birni, gona na bin gona, ta soma tashi tana sauka, har duwatsu su tsaya masa dama da hagu, wasu a jere, wasu a warwatse, garin Kazaure kuwa yana zaune a tsakaninsu da ruwansa a gefe. In ya karkata yamma ta wajen Roni da Amaryawa, ko ya nufi Gwiwa inda Jigawa ta yi iyaka da Katsina, haka zai yi ta ganin tuddai da kwaruruwa da ƙananan ƙauyuka a gindin dutse. In kuwa gabas ya yi, ta wajen Babura, sai dutse ya ƙare, rairayi ya karɓa, har bakin iyakar Nijar. Wannan yanki ni'ima ce ta musamman a ƙasar da galibinta fili ne, amma mu da aka ba mu ita mun saba da ita har mun daina ganinta, sai fa ran da muke neman itacen girki, ko gawayi, ko dutsen da za a fasa a zuba a harsashin gini.

A waɗansu ƙasashe kuwa, irin waɗannan wurare su ne abin tinƙaho, hukuma ta keɓe su, ta sa musu doka da masu tsaro, mutane su riƙa tahowa daga nesa suna biyan kuɗi domin su gan su. Amurka ce ta fara wannan tsari a shekarar 1872, sa'ad da ta keɓe dajin Yellowstone ta ce na al'umma ne baki ɗaya, daga nan sauran duniya ta bi sahu, har ya zama yau Tanzaniya na cin abinci da dutsen Kilimanjaro mai tsawon mita 5,895, Habasha na taƙama da duwatsun Simiyan, Ruwanda kuwa baƙo kan biya dala 1,500 domin a hau da shi dutse ya yi sa'a guda yana kallon goggon biri, kuma a ware kashi goma cikin ɗari na kuɗin shiga a yi wa ƙauyukan da ke kewaye aiki. Abin da waɗannan baƙi suke nema bai wuce abu uku ba, watau su ga dabba a inda Allah Ya ajiye ta, su taka ƙasa da ƙafarsu har su yi gumi, sa'an nan su kwana a wurin da ba ƙarar inji ba hayaniyar kasuwa.

Mu ma a Nijeriya Allah bai hana mu irin wannan ba. Gandun Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa a bakin iyakar Kamaru, shi ne mafi girma cikin gandayen ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, an ɗaga shi zuwa wannan daraja a 1991, kuma a cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, wanda da tsawonsa na mita 2,419 babu dutsen da ya kai shi a duk faɗin ƙasar nan. Akwai ɓauna da damisa da dorina da birai iri-iri a can, akwai koguna masu ruwa garau, akwai kuma ƙauyuka da rugagen Fulani a kan tsaunuka, waɗanda doka ta amince su zauna a cikin gandun, ba a kaiwa gare su sai da ƙafa ko a kan babur. Sai dai daga Kazaure zuwa Serti, inda ofishin gandun yake, tafiya ce ta yini guda cur a mota ko fiye, da kuɗin da malamin makaranta ba zai iya fitarwa ba balle manomi, don haka galibin mutanenmu za su rayu su koma ga Mahaliccinsu ba su taɓa ganin wurin ba, da yawa ma ba su taɓa jin sunansa ba.

To, ba ina cewa ne a mayar da Kazaure Gashaka ba, domin wanda ya ce haka ya yaudari jama'a. Duwatsunmu gajeru ne, ruwan samanmu wata uku ne zuwa huɗu, zaki da giwa kuwa sun bar wannan ƙasa tun kafin a haifi dattawan da ke raye yau. A ƙarshen shekarar 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙara gandaye goma cikin gandayen ƙasa, ciki har da fadamar Baturiya ta ƙasar Haɗeja, da dajin Falgore na Kano, da dajin Kogo na Katsina, ba a ambaci duwatsun Kazaure ba, kuma a ganina babu abin ƙorafi a nan, domin ba su cika sharuɗɗan ba. Abin da nake kira gare shi ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi sauƙi, ba ya bukatar a jira Abuja: masarautar Kazaure da ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, tare da maƙwabtansu na Babura a masarautar Ringim, su zauna su zaɓi waɗansu duwatsu da kwaruruwan da ke gindinsu, su yi musu hurumi, su danƙa tsaronsu a hannun ƙauyukan da ke kusa, sa'an nan a buɗe wa jama'a hanyar ziyartarsu bisa ladabi.

Kada wani ya zaci wannan bidi'a ce da aka kwaso daga Turawa, domin asalinta yana cikin shari'armu tun kafin a san da Amurka a duniya. Haramin Makka da na Madina wurare ne da aka hana farauta da saran itace a cikinsu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe wani kwari da ake kira Naƙi'u domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza domin dabbobin zakka, wannan kuwa shi ne abin da fukaha'u suke kira hima. Abin lura a nan shi ne wasiyyar da Umar ya yi wa wanda ya ɗora a kan wurin, wadda ma'anarta ita ce ya sassauta wa talaka mai 'yan raƙuma da 'yan tumaki ya bar shi ya shiga, ya tsare dabbobin manyan attajirai, domin attajiri in dabbobinsa sun halaka yana da gonaki da dabino da zai koma gare su, talaka kuwa ba shi da inda zai nufa sai ƙofar shugaba da 'ya'yansa a hannu. Malaman Malikiyya sun sharɗanta cewa shugaba ne kaɗai yake yin hima, kuma ta zama kaɗan ce, ana bukatarta, ba ta ƙuntata wa jama'a ba. A nan ƙasarmu ma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman a kan hukuncin mallakar ƙasa, mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin raya mataccen wuri da hurumin gari da na rijiya da makamantansu. Ashe ke nan mas'alar ba baƙuwa ba ce, mu ne muka bar ta a cikin littafi.

Su kansu duwatsun nan suna da haƙƙin tarihi a kanmu. Ɗantunku, wanda ya kafa wannan masarauta, ya yi shekaru yana fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo tun daga 1819, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya tabbatar wa ƙasar da cin gashin kanta, ɗansa Dambo kuwa shi ne ya zaunar da sarauta a garin Kazaure. Duk wanda ya san yadda yaƙin dawaki yake ya san ƙaramar masarauta da ke tsakanin Kano da Katsina da Daura, ga Damagaram a arewa, ba ta da garkuwar da ta fi dutse, domin doki ba ya sukuwa a kan tsauni, mai tsaro kuma yakan hango ƙurar maƙiyi tun rana ba ta yi tsaka ba. Daga baya, a zamanin En'e, an keɓe gandayen daji a duk lardunan Arewa, aka sa malaman daji, har ya zama mutum ba ya saran ɗanyen itace sai da takarda, kuma ko da yake an sha kuka da zaluncin wasu daga cikinsu, dajin dai ya tsaya. Da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen wancan tsari, ga fari na 1973 ya riga ya yi ɓarna, na 1984 ya biyo baya, ga jama'a tana ninkuwa, ga birnin Kano yana cin itace da gawayi dare da rana, sai gandaye suka zama dukiyar da ba ta da mai ita, wanda ya riga kai gatari shi ne da rabo.

Ya kamata a fahimci cewa ɓarnar da ake yi a kan dutse ba a kan dutse take tsayawa ba. Ƙasar da ke jikin tsauni siririya ce ƙwarai, saiwar marke da ƙirya da hano da geza da sabara ce take riƙe da ita, ganyensu kuma shi ne yake karya ƙarfin ruwan sama, ya sa shi ya sauka a hankali ya nutse, ya je ya cika rijiyoyin da ke kwari, ya jiƙa fadamar da ake noman rani. Ran da aka sare itatuwan nan aka toya gawayi, ruwan da a da yakan yi kwanaki yana tsiyaya sai ya gangaro cikin sa'a guda, ya kwashi ƙasar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana taruwa, ya tsaga gonaki ya bar kwazazzabai, ya kai yashi ya zuba a madatsar ruwan Kazaure da sauran tafkuna, su riƙa cikewa shekara bayan shekara. Mai gawayi ya sayar da buhunsa ya ci kuɗin a mako guda, amma mai gona a gindin dutse, da mai lambu a bakin ruwa, da masunci, da matar da rijiyarsu ta ƙafe tun watan Maris, su ne za su yi ta biyan bashin da ba su ci ba. Wannan zalunci ne, ko da mai yinsa bai nufa ba, kuma kawar da cuta daga jama'a wajibi ne a kan shugabanni.

Na san abin da mai karatu zai fara cewa, kuma maganarsa tana da nauyi: mutumin da bai san abin da iyalinsa za su ci da dare ba, ina ruwansa da kallon tsuntsu, kuma wane ne zai hana shi saran itace alhali ba a ba shi wata sana'a ba? Amsar wannan tana ƙetaren iyaka, ba nisa da Babura. A ƙasar Maraɗi, a shekarun 1980, bayan an yi ta dashen itatuwa suna mutuwa, wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki ba matattu ba ne, saiwarsu na da rai, in manomi ya bar tsiro biyu ko uku a kowane kututture ya sassabe sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama itatuwa. Manoma suka karɓi wannan dabara, wadda ake kira sassaben zamani, ta bazu har ƙasar Damagaram, inda yau gonakin Magarya da Matamaye suke cike da gawo, masu bincike kuma sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Sirrin abin kuwa shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne, ba na malamin daji ba, shi zai ci amfanin reshensa da 'ya'yansa da inuwarsa. Mutanen da suka yi wannan Hausawa ne 'yan'uwanmu, ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa, ba su kuma fi mu wadata ba.

Haka kuma a Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa da su kaɗai suka saura daga irinsu a duk Afirka ta Yamma, suna yawo a tsakanin gonakin gero da ƙauyuka, ba shinge ba waya. A 1996 ba su kai 50 ba, amma da aka hana harbinsu, aka sa mutanen wurin suka zama su ne masu yi wa baƙi jagora, aka riƙa taimaka wa ƙauyukan da rijiyoyi da rance, sai ga shi bayan shekara ashirin sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi wasu aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Darasin da ke nan shi ne dabba da manomi suna iya zama wuri guda in manomi ya ga amfaninsa a cikin zaman. Mu ba raƙumin dawa muke da shi ba, kuma ba na goyon bayan a sayo dabbobi daga wata ƙasa a zuba domin a yi bikin buɗewa su mutu bayan wata shida. Abin da ke akwai shi za a tsare: zomo da kurege da bushiya da dila da guza, da zabin daji da fakara da kazar dutse da hasbiya, da shamuwa mai zuwa da damina, da tsuntsayen ruwa masu sauka a bakin madatsa da hunturu. In aka daina cinna wa daji wuta, aka dakatar da farautar gayya ta motoci da karnuka na waɗansu shekaru, waɗannan za su yawaita da kansu, domin Allah Ya sanya wa halittarSa saurin farfaɗowa in an ɗaga mata ƙafa.

Magana ta biyu da za a kawo ita ce ta tsaro, cewa a wannan zamani duk wanda ya raya daji ya gina wa ɓarayi gida. Ba za a raina wannan tsoro ba, ganin abin da ya sami dajin Rugu a Katsina, da gandun Kamuku a Birnin Gwari, da Sambisa a Barno wanda asalinsa gandun namun daji ne, har ma a Kure ɗin da na ambata 'yan bindiga sun kashe mutum takwas a watan Agusta na 2020, ziyara ta tsaya. Amma in an duba da idon basira za a ga cewa waɗannan dazuzzuka ba itatuwansu ne suka jawo musu miyagu ba, sakaci ne: an janye ma'aikata, an bar hanyoyi sun mutu, mutanen kirki sun daina shiga, aka bar wurin ga wanda ba ya son a gan shi. Dutsen da 'yan makaranta suke hawa kowane mako, wanda maharbin ƙauye yake zagayawa da safe da yamma, wanda mai unguwa ya san duk wanda ya kwana a gindinsa, ɓarawo ba ya zama a kansa. Bugu da ƙari, duwatsun Kazaure da Roni ƙanana ne, ƙauyuka sun kewaye su ta kowace fuska, ba irin dajin da mutum zai yi kwana uku yana tafiya bai ga gida ba ne. Allah Ya yi wa wannan yanki rufin asiri na zaman lafiya in an gwada da maƙwabtansa na yamma, kuma hanya ɗaya ta godiya ita ce kada a bar wani lungu nasa ba mai kula.

Magana ta uku ta malamai ce da dattawa, waɗanda suke tsoron kada ziyarar duwatsu ta zama ƙofar shashanci, samari da 'yan mata su riƙa keɓewa, ko kuwa a farfaɗo da tsafe-tsafen da aka binne, tun da yake an san cewa a zamanin jahiliyyar ƙasar Hausa duwatsu irin su Dala da Kufena da Kwatarkwashi wuraren bauta ne. Wannan ma tsoro ne na masu kishi, sai dai maganinsa tsari ne da sa ido. Alƙur'ani mai girma ya yi ta umartar mu da tafiya a bayan ƙasa da duban halitta, ya ambaci duwatsu da raƙuma da tsuntsaye da ƙudan zuma a matsayin ayoyi ga masu hankali, kuma ya tabbata cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ƙaunaci dutsen Uhudu ya kuma hau shi tare da manyan sahabbansa. Yaron da malaminsa ya hau da shi dutse, ya nuna masa yadda hano yake tsirowa a tsagin da ba ƙasa, ya nuna masa garinsu daga sama har ya ga ƙanƙantar gidan da yake zaton ya fi kowane girma, wannan yaro ya sami darasin tauhidi da na tawali'u wanda allo kaɗai ba zai ba shi ba. Shi kuwa tsoron aljanun dutse da ke zukatan mutanenmu, ba abin da yake kashe shi kamar a ga malami ya hau ya yi salla a can ya sauko lafiya.

Yadda za a yi abin ba shi da wuyar faɗi. Da farko hakimai da dagatai da masu unguwanni, tare da arɗo-arɗon Fulani da sarakunan baka da ma'aikatan gandun daji na jiha, su taka wuraren da ƙafa, su shata iyaka a gaban jama'a, kada a haɗa da gonar kowa, kada a toshe burtali ko mashaya, domin hurumin da ya fara da ƙwace ba zai yi albarka ba. Sa'an nan a bayyana abin da aka hana, watau saran ɗanyen itace da toya gawayi da cinna wuta da farautar gayya da fasa dutse, a kuma bayyana abin da aka halatta wa mutanen wurin, watau tsintar busasshen itace da yankan ciyawa bayan kaka da ɗiban magani da ɗaura amya da kiwo a lokacin da aka ƙayyade, bisa koyi da wasiyyar Umar, cewa talaka shi ne farkon mai haƙƙi. Masu fasa dutse a ware musu nasu wurin, domin gini ba zai tsaya ba. Maharba kuwa, waɗanda babu wanda ya fi su sanin sawun dabba da kukan tsuntsu da sunan kowane kogo, su ne ya kamata a ɗauka su zama masu tsaro da jagorancin baƙi, a ba su ɗan alawus, ilminsu da ke shirin tafiya kabari tare da su ya sami magada.

Hanyoyin ƙafa ba sa bukatar kwangila. Turbar da makiyaya da masu itace suka riga suka fitar ita za a gyara, a sa alama, a yi 'yar rumfa a inda ake hutawa, a tanadi randar ruwa da wurin salla. Lokacin da ya fi dacewa kuwa shi ne daga ƙarshen damina, sa'ad da dutse yake kore, gero ya nuna, zuwa tsakiyar hunturu kafin zafin bazara ya sauko. Baƙin farko da za a nema ba Turawa ba ne, 'ya'yanmu ne: ɗaliban firamare da sakandare da na Islamiyya, da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da na jami'o'in Dutse da Kafin Hausa da Bayero, waɗanda za su iya rubuta sunayen itatuwa da tsuntsaye da tarihin kowane dutse daga bakin tsofaffi. Bayansu sai ma'aikatan Kano da hawan jini da ciwon sukari suka addaba saboda zaman ofis da mota, waɗanda likita yake ce musu su riƙa tafiya da ƙafa su rasa inda za su taka, alhali kuwa tsakaninsu da Kazaure bai kai tafiyar sa'a biyu ba. Wanda ya zo kallon hawan salla ma, in ya san akwai inda zai je washegari, zai ƙara kwana. Babura kuwa, da ba ta da dutse, rabonta shi ne ta zama makarantar gawo da sassaben zamani, mai ziyara ya ga tsauni yau, gobe ya ga yadda ake tsayar da rairayi.

Saura batun ƙauyuka, wanda shi ne ya fi kowanne bukatar hattara. Natsuwar da baƙo yake nema a Zugai ko Ɗansure ko Ƙorayel ba kayan kallo ba ce da aka shirya dominsa, rayuwar mutane ce masu mutunci da sirri, kuma ita ce abu na farko da yawan baƙi yake kashewa. Saboda haka wajibi ne a kafa ladubba tun kafin a buɗe ƙofa: baƙo ya fara sauka wurin mai unguwa ya yi gaisuwa, kada ya shiga gida ba sallama, kada ya ɗauki hoton matan mutane, kada ya zo da kiɗa da lasifika, kada ya ratsa gona, ledar da ya zo da ita kuma ya koma da abarsa. Kada a saba wa yara da roƙo ta hanyar watsa musu kuɗi. Wanda yake son alheri ya sayi fura da nono da zuma da tabarma da faifai a kan farashinsu, ya biya jagora haƙƙinsa, in zai kwana ya biya kuɗin masauki. Ɗan abin da aka karɓa a bakin hurumi kuwa ya zauna a ƙauyen, a karanta lissafinsa a bainar jama'a bayan sallar Juma'a, a gyara rijiya ko rufin aji da shi, domin ran da mutanen ƙauye suka ga kuɗin dutsensu yana tafiya sakatariya ba ya dawowa, ran nan hurumi ya mutu, ko da an jibge masa masu gadi ɗari.

Ba na da'awar cewa wannan zai kawo wa ƙasar Kazaure dukiya mai yawa, kuma duk wanda ya yi wa jama'a alkawarin haka a yi hattara da shi. Ribarsa ta farko ruwa ce a rijiya da ƙasa a gona, ta biyu ilmi da lafiya ga 'ya'yanmu, kuɗin baƙi kuwa shi ne na ƙarshe, kuma zai zo ne a hankali. Amma jarin da ake bukata ma kaɗan ne, galibinsa magana ce da amana da haƙuri, abubuwan da sarakunanmu da malamanmu suka fi kowa iko da su. Ina roƙon majalisar masarautar Kazaure, Allah Ya ƙara wa Sarki lafiya, da shugabannin ƙananan hukumomin nan, su fara da dutse ɗaya tak a kowace gunduma, wanda mutanen wurin suka yarda da shi da bakinsu, a tsare shi shekara biyar, sa'an nan a tara jama'a a gwada shi da maƙwabcinsa da ba a tsare ba. In ba a ga bambanci ba, a watsar da shawarata; in kuwa an gani, to sauran ƙauyuka ba sai an roƙe su ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar ƙasar da Ya danƙa musu, Ya sa mu bar ta ga na bayanmu fiye da yadda muka same ta, amin.